Kwanar Jusoh

Hanyar Paya Rengas gajeriya ce, ba ta kai a yi mata guzuri ba. Idan ka baro babban titi a mararrabar Jenut, sai ka ratsa gonakin kwakwar manja, ka haye gadar ƙarfe, ka wuce makarantar Padang Setol da masallacinsu mai koren rufi, ka gangara fadamar shinkafa. Daga nan sai garinmu, Paya Rengas, inda kwalta take tsayawa cak a bakin kogi. A wajen gwamnatin jiha tana da lamba, an ma rubuta ta a wani ɗan allo a mararraba, amma ni da na ƙarar da ƙarfina ina tuƙa bas a kanta, ban taɓa jin fasinja ya ambaci lambar ba.

A da, gab da shiga gari, akwai wata muguwar kwana. Hanya tana tafe a miƙe, direba ya saki jiki, sai kawai ta karye hagu, ta yi zobe, ta komo dama. Kwanar Jusoh kowa yake ce mata, har 'yan sanda, har jarida. Jusoh ɗin ƙanin mahaifina ne. Shi ne na tsakiya a ɗakinsu, don haka Pak Ngah muke ce masa, wato baffa na tsakiya a harshenmu, matarsa Lijah kuma Mak Ngah.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, hannuwansa kullum suna warin ɗanyar roba. Tsagar roba ce sana'arsa, sai wani lambun durian, itacen nan mai manyan 'ya'ya masu ƙaya da daraja a kasuwa, da ya gada, wanda ya shimfiɗu a gaban gidansa na katako mai dogayen ƙafafu. Kakanmu ne ya dasa itatuwan. Manya sun ce a ƙuruciyarsa babu mai barkwanci irinsa a garin, in ya zauna a shagon kofi sai mutane su manta da aikin da suka bari.

Lokacin da ya yi aure babu hanya. Kogi ne hanyarmu. Roba da shinkafa, amarya da mara lafiya, duk a kwalekwale ake kai su Jenut. Da rani ruwa ya janye ya bar ka kana jan jirgi a kan yashi, da damina ya cika ya hana ka shiga. Haihuwar Mak Ngah ta fari ta zo da gardama a tsakiyar damina. Ungozoma ta yi iya yinta, ta ce a kai ta asibiti. Aka sa ta a zane aka rataye a gora, mahaifina a gaba, Pak Ngah a baya, har bakin ruwa. Kogi ya kawo, yana tafe da gungume, masu jirgi suka ƙi, sai da aka yi ta roƙo kafin ɗaya ya yarda. Kafin su isa Jenut yini ya tafi. Uwar ta rayu. Jaririn, namiji, a naɗe cikin tsumma aka dawo da shi, babu rai.

Bayan sadakar arba'in Pak Ngah ya wasa addarsa, ya shiga dajin bayan gari ta turbar da ɓauna suke bi, ya fara sara. 'Yan shagon kofi suka samu abin yi.

"Jusoh, ina aka nufa da adda haka? Makka za ka a ƙasa?"

"Jenut za ni."

"To ka gaishe mana da mutanen Jenut. Ka ce musu jikokinmu suna nan tafe."

Ya yi dariya tare da su, ya shanye kofinsa, ya saɓa addarsa. Da safe ya tsaga roba, da rana ya shiga daji. Mahaifina ya bi shi, don kada a ce ya bar ƙaninsa shi kaɗai da macizai. Sai wani ya bi, sai wani. Da saran ya yi nisa har ana iya tsayawa a bakin gari a hangi haske ta cikin daji, liman ya yi shelar gayya bayan sallar Juma'a. Mutanen Padang Setol su ma suka faro daga nasu ɓangaren. Mata suna dafa shinkafa a manyan tukwane, da busasshen kifi da yaji, suna kaiwa wurin aiki a naɗe cikin ganyen ayaba. Fadama ce ta fi ba su wuya. Sai da suka shimfiɗa gungumen kwakwa, suka riƙa zuba jar ƙasa a kai kwando-kwando. Damina ta zo ta kwashe, suka sake zubawa. Haka aka yi ta yi, rani bayan rani.

Motar da ta fara shigowa garinmu ta mai sayen roba ce, wata tsohuwar akori-kura mai tari kamar ta mutu. A bayan wannan motar aka ɗauki Mak Ngah da ta sake samun ciki bayan dogon jira, aka kai ta asibitin Jenut kafin ma rana ta yi zafi. Ta haifi 'ya mace, aka sa mata suna Salbiah. Pak Ngah ya dawo a tsaye a bayan mota, duk wanda ya gani a gona sai ya ɗaga masa murya, "Mace ce! Tana da rai! Kukanta ya fi na injin nan!" Tun daga ranar ake ce masa Uban Hanya. Ita kaɗai Allah ya ba su.

Hanyar ta yi shekaru tana burji. Da aka fara sare dazuzzuka ana dasa kwakwar manja, gwamnatin jiha ta ga amfaninta, ta ce za ta karɓe ta, ta faɗaɗa, ta zuba kwalta. Masu awo suka zo da na'urarsu mai ƙafa uku, suka kakkafa jajayen turaku. Turakun sun bi tsohuwar hanyar ne a miƙe, kuma gab da gari tsohuwar hanyar ta gefen injin casar shinkafa na Haji Sulong ta bi. In aka faɗaɗa, dandamalin simintin da yake shanya shinkafa zai tafi, da rabin rumfar injin.

Haji Sulong surukin dagaci ne, mutum mai sanyin murya, mai farar hula, kullum a sahun gaba. Bai yi faɗa da kowa ba. Ya gayyaci masu awo cin abinci a gidansa, ya yanka musu akuya. Ya shiga birni ya fito, ya sake shiga ya fito. Wata safiya aka tashi aka ga turakun sun tashi daga wajen injin, sun karkata sun shiga lambun Pak Ngah, sun zagayo ta ƙofar gidansa.

Dagaci ya zo da kansa, ya hau matakala ya zauna a baranda.

"Jusoh, magana ce ta kawo ni, kuma kai kaɗai za ka iya warware ta."

"Allah ya sa alheri, Tok." Haka muke kiran dagaci don girmamawa.

"Masu awo sun ce ƙasar wajen injin Haji tana da ruwa a ƙarƙashi. Ba za ta riƙe kwalta ba."

Mak Ngah tana cikin ɗaki, ta ɗaga murya yadda za a ji. "Ta riƙe inji da buhunan shinkafa, kwalta ce za ta gagare ta?"

"Lijah," in ji Pak Ngah.

Dagaci ya yi kamar bai ji ba. "In aka tsaya gardama, sai su kwashe katafilarsu su kai wata gunduma. Ka san halinsu. Kai ne uban hanyar nan. In kai ba ka bayar ba, wa zai bayar?"

Pak Ngah ya daɗe yana kallon lambun. Itatuwan sun yi fure, ƙudan zuma sun cika wurin. Abin da ya roƙa kawai shi ne a bari a ci 'ya'yan bana. Dagaci ya ce zai faɗa musu. Ba a bari ba. Katafila ta ture fiye da rabin lambun da furensa. Itatuwan da suka tsira kuwa suka rage a tsakiyar zoben, hanya tana kewaye su. Duk baƙon da ya zo ya kalla, abin da idonsa zai gaya masa shi ne hanyar ce ta kauce wa itatuwan.

Ranar buɗe hanya aka kafa rumfa a filin makaranta, manya suka zo daga birni, aka yanke zare, aka yi jawabai. An gode wa dagaci. An gode wa Haji Sulong saboda ciyar da ma'aikata. Pak Ngah yana bayan rumfa cikin masu feɗe ɓaunar da aka yanka wa baƙi. Mak Ngah ta zo wucewa da tiren shinkafa, ta tsaya ta dube shi.

"Uban hanya ya koma uban hanji."

Ya ƙyalƙyale da dariya har wuƙa ta faɗi daga hannunsa. A lokacin abin bai dame shi ba. Ya ce shi dai ga kwalta har bakin kogi, mace mai naƙuda ba za ta ƙara hawa gora ba.

Kwalta ta zo da gudu. Manyan motoci masu ɗaukar gungume da kwakwar manja suka fara zirga-zirga, samari suka sayi babura. Wanda ya fara faɗawa ramin da ke gefen kwanar wani ɗan Padang Setol ne a kan babur, ya karya cinya. Sai motar kwakwa ta kife ta zubar da kayanta har ƙarƙashin gidan Pak Ngah. Sai wani malamin makaranta, shi bai tashi ba. In aka tambaya a ina abin ya faru, sai a ce a kwanar gidan Jusoh. A hankali gidan ya fita daga zancen, ya rage Kwanar Jusoh. Haka 'yan sanda suke rubutawa, haka jarida take bugawa duk lokacin bikin Sallah, sa'ad da 'yan birni suke tururuwar dawowa gida.

Shi ne kullum na farkon isa wurin, tunda a ƙofarsa ake faɗuwa. Ya tanadi wani tsohon ƙyaure a ƙarƙashin gida don ɗaukar masu rauni, da igiya, da tsofaffin zannuwan Mak Ngah. Ya roƙo tsofaffin tayoyi ya shafa musu farin fenti ya jera a bakin ramin. Ya bi dagaci zuwa birni ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, a ce musu ana dubawa. Abin da aka yi bai wuce kafa allo mai hoton kibiya a lanƙwashe ba, shi ma wata tipa ta kwashe shi.

A wannan tsakanin na fara tuƙin bas. A cikin bas ɗin na fara jin labarin da ya ƙarasa shi. Na taka birki na shiga kwanar, wani baƙo ya dafe kujera ya ce, "Wane mahaukaci ne ya zana hanyar nan?" Sai wani leburan injin Haji ya amsa daga baya, "Wani tsoho ne ya ce ko gwamna bai isa ya taɓa masa durian ba. Ga su can." Na tsayar da mota na ce masa ƙarya yake yi. Ya ce shi ma ji ya yi. Na gyara wa wannan, na gyara wa wancan, har na gaji, amma labarin ya fi bas ɗina gudu. Yaran da aka haifa bayan kwalta da shi suka tashi. Manyan da suka ga jajayen turaku da idonsu kuwa suka yi shiru, domin kowa a injin Haji yake casa, kuma babu wani injin sai Jenut.

Salbiah ta sha nata rabon a makaranta. 'Yar Kwana suke ce mata. In aka yi haɗari, washegari sai a tare ta a bakin aji, "Ke 'yar Kwana, jiya mutum nawa babanki ya ci?" Yarinya ce mai zuciya, ta sha dawowa gida da yagaggen mayafi. Tana gama makaranta ta tafi birnin Kuantan ta kama aikin ɗinki a wata masana'anta, a can ta yi aure. In ta zo ganin gida ba ta zuwa gidan kowa.

Abin da ya karya Pak Ngah ya faru ne wata ranar Lahadi bayan la'asar, an ɗan yi yayyafi, kwalta ta yi santsi. Wata ƙaramar bas ce cike da 'yan biki daga wata gunduma, sun raka ango garinmu suna komawa. Direban bai san hanyar ba. Na iso da tawa bas ɗin na tarar da tasu a kife cikin rami, tayoyi suna kallon sama, kwanukan shinkafar biki sun watse a kan titi. Pak Ngah, a lokacin furfura ta cika kansa, yana cikin ramin ruwa har ƙugu, yana zaro mutane ta taga. Muka taru muka yi ta ɗauka a kan ƙyauren nan muna sawa a bas ɗina. Na ƙarshe da ya fito da shi wani saurayi ne dogo. Da ya tallafo shi ya san babu rai. Ya kwantar da shi a inuwar ƙarƙashin gida, ya rufe shi da zanen Mak Ngah.

Uwar saurayin tana cikin waɗanda suka tsira, goshinta a fashe. Ta ɗaga zanen ta gani, ba ta yi kuka ba. Ta juya ta tambayi 'yan kallo ina ne nan, gidan wane ne wannan. Wani ya ba ta amsa, ya kuma ƙara mata da labarin. Ta tako har gaban Pak Ngah.

"Kai ne Jusoh?"

"Ni ne, baiwar Allah. Zauna, jini yana zuba a fuskarki."

Ta nuna tsakiyar zoben, inda itatuwan suke tsaye sun yi nauyi da 'ya'ya. "Waɗannan ne?"

Ya juya ya dubi itatuwan.

"Wancan da ka rufe ɗana ne. Shi ke nan gare ni. Ka ci durian ɗinka, Jusoh. Ka ci ka ƙoshi. Allah ya isa tsakanina da kai."

Rabin gari yana tsaye a wurin. A cikinsu akwai waɗanda suka yi gayya da shi, akwai waɗanda suka ga katafila tana ture lambunsa. Babu wanda ya yi ko tari. Mak Ngah ta ajiye butar da ke hannunta ta ce, "Baiwar Allah, wallahi ba haka..." Ni ma na buɗe baki. Ya ɗaga mana hannu.

"Ku bar ta. Ɗanta ne."

Washegari ya aro zarto mai inji. Saura kaɗan 'ya'yan su fara faɗowa. Ya bi itatuwan ɗaya bayan ɗaya ya kayar, Mak Ngah tana zaune a matakala ta rufe fuska da mayafi. Ɗanyen durian ya tarwatse ko'ina, awaki suka taru. Ya ce ko ba komai yanzu direba zai hango abin da ke gabansa. Da yamma na shiga shagon kofi na ji wani yana cewa, "Sai yanzu ya ji tsoron Allah. Da tun farko ya yi haka, da rayuka nawa aka tsirar?" Saran da ya yi sai ya zama shaida a kansa.

Da maganar ta koma kunnensa, ya sa farar rigarsa ya ce in kai shi gidan Haji Sulong. Muka same shi a kujerar kaba a baranda, ya tsufa ƙwarai, carbi a hannu. Ya karɓe mu da fara'a, ya sa aka kawo shayi da soyayyar ayaba.

"Haji, abu ɗaya na zo roƙo," in ji Pak Ngah. "Ba ƙasa ba, ba diyya ba. Ranar Juma'a ka tashi ka faɗa wa mutane inda turakun farko suka bi."

"Waɗanne turaku?"

"Jajaye. Waɗanda suka hau dandamalinka."

Haji ya yi murmushi. "Jusoh, ni yanzu abin da na ci da safe ma ba na tunawa. Aikin gwamnati ne, ni wane ne da zan juya hanya? Sha shayinka kada ya huce. Kai ka cika sa abu a rai. Duk abin da ya faru a wurin nan ƙaddara ce."

"Ƙaddara ce ta tuge turakun?"

Haji ya juyo wajena. "Sudin, baffanka ya gaji. Mai da shi gida ya huta."

Ranar Juma'a, bayan an sallame, Pak Ngah ya miƙe da kansa. Mutumin da a da yake riƙe shagon kofi da labari, ranar da ƙyar ake jin muryarsa. Ya faɗi yadda aka yi tun daga farko. Sannan ya fara kiran tsofaffi da sunayensu. Mahaifina ya riga ya rasu, da shi zai fara kira.

"Awang Kecik, kana nan ranar da dagaci ya hau barandata. Kai kake gyara mini rufi. Ka faɗa musu."

Awang Kecik ya sunkuya yana kallon yatsun ƙafarsa.

"Derahman, kai ka riƙe wa masu awo sanda. Ina aka fara kafa turaku?"

"An daɗe, Jusoh," in ji Derahman.

Liman, wani matashi da aka turo mana daga birni, ya gyara murya. "Pak Jusoh, masallaci ba wurin tone-tone ba ne. Abin da ya wuce ya wuce. A yi haƙuri, a yafi juna." Mutane suka tashi suna neman takalmansu.

Daga ranar bai ƙara shiga shagon kofi ba. Juma'a ma sai ya hau kekensa ya tafi Padang Setol. Barkwancin nan duk ya ƙafe. In na tsaya da bas na gaishe shi, sai ya ɗaga hannu kawai. Amma in ya ji ƙarar birki da ƙarar ƙarfe, yana saukowa da ƙyaurensa. Mak Ngah ta taɓa riƙe masa riga.

"Zauna. Bari garin su fito su ɗauka, tunda su ne mutanen kirki."

"Wanda yake cikin ramin bai yi mini komai ba," in ji shi, ya zare rigarsa.

Mak Ngah ta rasu bayan 'yar gajeriyar jinya. Haji Sulong ya bi bayanta ba da daɗewa ba, aka yi masa jana'izar da garinmu bai taɓa ganin irinta ba. Lokacin noman shinkafa ya ja baya, kowa ya koma kwakwar manja, injin ya tsaya, ciyawa ta fasa dandamalin. 'Ya'yan Haji suna birni, ba su da abin yi da kangon. Sai ga shi an gano cewa ƙasar wajen tana iya riƙe kwalta. Gwamnati ta saye filin a hannunsu da daraja, katafila ta dawo, aka miƙe hanyar ta kan dandamalin, daidai inda gayya ta bi da ita tun farko. Aka sake kafa rumfa, aka sake yanke zare. Wani babba ya yi jawabi ya ce iyalan marigayi sun sadaukar da gadonsu don ceton rayuka, saboda haka daga gada zuwa bakin kogi an sa wa hanyar sunan Haji Sulong. Aka yi tafi.

Tsohuwar kwanar aka toshe bakinta da tulin ƙasa. Gidan Pak Ngah ya rage a can gefe shi kaɗai, gabansa guntun kwalta da ba ya zuwa ko'ina, da kututturan itatuwa. Idonsa ya fara rauni, ƙafafunsa suka kumbura. Salbiah ta zo da mijinta suka tattara 'yan kayansa. Bai yi gardama ba. Bai kuma yi sallama da kowa ba.

Na je ganinsa sau ɗaya a Kuantan. Suna zaune a wani dogon bene, an ajiye masa kujera a bakin taga. Ya rame, zanen da ya ɗaura ya yi masa yawa. Ya tambaye ni ko kogi ya kawo bana, ya tambayi wanda ya sayi awakinsa. Bai tambayi mutum ko ɗaya ba. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Sudin, ka riƙa share kabarin Mak Ngah ɗinka." Bai cika shekara a can ba.

Da labarin rasuwar ya iso, sabon dagaci, ɗan wancan na farko, ya tara dattawa kaɗan, na ɗauke su a mota muka tafi. Muka tarar an yi masa wanka an sa shi a likkafani. Bayan gaisuwa dagaci ya matsa kusa da labulen da mata suke bayansa.

"Salbiah, mun zo mu tafi da shi gida. An riga an fara haƙa kusa da mahaifiyarki."

"Wane gida?" in ji ta daga bayan labule.

"Haba, 'yata. Garinsa ne. Mutumin da ya yi wa garin nan abin da ya yi..."

Ta yaye labulen ta fito. Idonta a bushe yake. "Au, ashe kun sani? Tok, ashe duk kun sani?" Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, har ta tsaya a kan Awang Kecik, wanda aka tallafo da sanda. "Yana da rai ya roƙe ku kalma ɗaya. Yanzu da ba ya ji kuka zo faɗa mini? Ku mai da ƙasar da kuka haƙa. A nan za a binne shi."

Mijinta ya yi ƙoƙarin lallashinta, ni ma na ce mata ta tuna uwarta tana can ita kaɗai. Ta ce, "Yaya Sudin, da zan iya, da ita ma na ɗauko ta."

Aka binne shi bayan azahar a wata babbar maƙabarta a gefen birni, tsakanin mutanen da bai taɓa sani ba. Maƙwabtan Salbiah ne suka cika sahu, mu 'yan gari ko sahu ɗaya ba mu cika ba.

Muka kama hanyar dawowa, muka fita daga birni. Sai Derahman ya ce yarinyar nan tun tana ƙarama ba ta da kunya. Wani ya ce zaman birni ne ya ƙara lalata ta. Daga nan zance ya koma kan faɗuwar farashin kwakwar manja, da tsadar taki, suka yi ta yi. Da muka iso Jenut dagaci ya taɓa kafaɗata ya ce in tsaya a gidan abincin bakin kasuwa, tun safe ba su sa komai a ciki ba. Suka shiga suka ci shinkafa da kaza. Ni na jira su a mota.